Gari ya iso ƙauyenmu, me ya hana motar kwana-kwana isowa da wuri?

Wani magidanci da ke zaune a bakin garin Damagaram ne ya aiko da tambaya. Ya ce a zamanin kakanninsa wurin ƙauye ne, yau kuma takarda ta ce suna cikin birnin Zinder, gidaje sun cinye gonakin da suka raba su da gari. A hunturun da ya wuce wuta ta kama gidan maƙwabcinsa, aka kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, mota ba ta iso ba sai da ɗaki biyu suka ƙone, kuma ba ta jima da fara feshi ba ruwanta ya ƙare. Yana so ya sani: sakaci ne, ko yawan jama'a ne ya fi ƙarfin 'yan kwana-kwana? In haka abin yake, mene ne ribar shigar da su cikin birni?

Malam, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya kiyaye gaba. Na daɗe a aikin kashe gobara da ceto, don haka zan ba ka amsa yadda mu na ciki muke kallon abin, ko da wani sashenta ba zai yi maka daɗi ba.

Yawan jama'a na da hannu, ba shakka. Ƙidayar 1977 ta samu kusan mutum dubu 54 a garin Zinder. A 1988 sun kusa dubu 120, a 2001 sun haura dubu 170, a 2012 kuma cikin gari kaɗai ya kai dubu 235. Cikin shekara 35 garin ya ninka fiye da sau huɗu ke nan. Ƙasar Nijar baki ɗaya tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara bisa ƙidayar 2012, wato jama'a na ninkawa duk bayan shekara 18 ko kusa da haka, kuma jihar Zinder ce ta fi kowace jiha yawan mutane, sama da miliyan uku da rabi a lokacin. Kowane sabon gida murhu ne, wayar lantarki ce, mai ciki ce da naƙuda za ta iya kamawa da tsakar dare. Kira dole ya ƙaru.

Amma da a ce mutanen nan duka a wuri ɗaya suka taru, da matsalar ta zo da sauƙi: a ƙara mota, a ƙara ma'aikata, shi ke nan. Abin da ke karya mu shi ne yadda garin ke girma. Damagaram ba sama take yi ba, shimfiɗuwa take yi. Kowa yana son filinsa, katangarsa, tsakar gidansa, kuma fili mai araha sai a bakin gari. Mai kashe wuta ba da kan mutum yake lissafi ba, da minti yake yi, da litar ruwa. Waɗannan biyu su ne suka ci ɗakunan maƙwabcinka.

Ɗauki minti tukuna. Babbar mota ɗauke da tan uku na ruwa, cikin gari mai kabu-kabu da adaidaita da amalanke, in ta samu gudun kilomita 30 a awa ta gode Allah. Minti biyu ke nan a kowane kilomita. In tsakaninku da barikinsu kilomita bakwai ne, minti 14 sun tafi a hanya kaɗai, wannan ma in kwalta ce har ƙofar gida. Da ta sauka daga kwalta ta shiga rairayi, lissafin ya canza. Sannan ka haɗa da mintocin da suka wuce kafin a kira. Mutanenmu ba su kira da fari: sai an yi ta ihu, an yi ta gudu da bokiti, an ga abin ya gagara, sannan wani ya tuna da waya. Sai kuma kwatance. "Bayan masallacin Juma'a" ba adireshi ba ne a garin da kowace unguwa ke da nata. Ɗaki mai katifar soso da labule da kayan amarya kuwa, minti biyar zuwa goma sun ishe shi ya kama gaba ɗaya. Ko da motar ta tashi a daƙiƙar da aka kira, ɗakin farko ba nata ba ne. Abin da take zuwa ceto shi ne ɗaki na uku da gidan maƙwabta. Mutane ba su son jin wannan, shi ya sa wani lokaci ake tarbar ma'aikata da zagi, har da jifa, alhali nisan ba su suka shata shi ba.

Akwai wani lissafi da mahukunta kan manta. In bakin gari ya matsa daga kilomita uku zuwa shida daga bariki, nisa ya ninka sau biyu, amma faɗin ƙasar da barikin zai kula da ita ya ninka sau huɗu. Kuma motar da ta tafi nesa tana daɗewa kafin ta dawo. A duk tsawon lokacin da take wajenku, unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari da kasuwar Dole suna zaune da abin da ya rage a bariki. Faɗaɗar gari ba 'yan bakin gari kaɗai take cuta ba, har tsofaffin unguwanni tana rage musu kariya ba tare da sun sani ba.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan daɗe, don a Damagaram kowace magana kan ruwa take ƙarewa. Ka ce ruwan motar ya ƙare da wuri. Ba zuwa ta yi da rabin tanki ba, haka aka ƙera ta. Motar kashe gobara ta gari tana ɗaukar wajen lita 3,000. Babbar mesa ɗaya tana fitar da lita 500 a minti. Minti shida tanki ya bushe. In aka yi tattali da ƙaramar mesa a ja shi zuwa kwata ɗin awa ko fiye kaɗan. Ruwan da ke cikin motar na fara faɗa ne kawai, kafin a jona ta da famfon gobara na bakin titi, wanda shi ne ainihin makamin. Ƙa'idar Faransa ta 1951, wadda aka daɗe ana koyar da ita a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ta ce famfon gobara ya iya ba da lita dubu 60 a awa har tsawon awa biyu. Lita dubu 120 ke nan don gobara guda ta gida ko shago. In ka auna da jarka mai lita 20 irin ta 'yan garuwa, jarka dubu shida ce. Motar da ta zo muku jarka 150 ta kawo.

To ina za a samu wannan ruwa a garin da ke zaune a kan dutse? Duwatsun da ka gani tsaye cikin Birni, irinsu ne shimfiɗe ƙarƙashin gari, shi ya sa rijiya ba ta ba da abin kirki. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara Ganaram. Kowane ƙari ya sauƙaƙa na ɗan lokaci, sai gari ya sake girma ya cinye shi. Kowa ya san bazara a nan: famfo ya yi kwanaki yana hura iska, mata su kwana a layi, kuɗin jarka ya tashi. Famfon gobara kuwa a jikin wannan bututun yake. In babu ruwa a famfon gidanka, babu a nasa. Sabbin unguwanni ma sun fi shiga uku, domin ko dai bututu bai kai ba sam, ko kuma siriri aka ja don shan gida, wanda ba zai iya ciyar da mota ba ko da ruwa na gudu. Sai motar ta juya ta koma inda za ta sha, ta cika, ta dawo. Tafiya da dawowa da cikawa, rabin awa ya wuce cikin sauƙi, wutar da aka danne ta sake miƙewa. Mai kallo ya ce sun gudu.

Bari in kwatanta maka yadda abin kan kasance a sabuwar unguwa, don na gani ba sau ɗaya ba. Mota ta bar kwalta, direba na bin hayaƙi da ido tunda kwatancen bai fito ba. Layin da taswira ta nuna mai faɗi ne, amma wani ya ɗan turo katangarsa, na gaba da shi ya haƙa ramin salga a waje, wani ya jibge yashi da bulo don gini. A tsakiya ga kwararon da ruwan damina ya zaizaye. Mota ta tsaya nesa da gidan, a fara jan mesa a ƙafa, kowane tsawo da aka ƙara yana rage ƙarfin ruwa. Wayar lantarki da aka jawo daga gidan maƙwabci a kan sandunan itace tana rataye daidai kan mutum, ba mai iya feshi da gaba gaɗi sai an tabbatar an yanke wuta. Jama'a sun cika wurin, kowa na ba da umarni, yara na taka mesa. Matar gida na kuka tana cewa akwai tukunyar gas a madafa, wani ya ce an fitar, wani ya ce ba a fitar ba. Duk wannan kafin ɗigon ruwa ya taɓa wuta.

Sai maganar shigar da ku cikin birni. Tun dokokin raba iko na 2002 aka shata Zinder da kwamin biyar, wato ƙananan hukumomi, a 2010 kuma doka ta ba Yamai, Maraɗi, Tawa da Zinder matsayi na musamman, kwamin ɗin suka koma gundumomi biyar ƙarƙashin birni ɗaya. Iyakar da aka ja ta wuce gidajen gari nesa, ta haɗa da ƙauyuka da gonaki. Gunduma ta biyar, ta wajen Babban Tapki, kusan dukkanta karkara ce. Shi ya sa ƙidayar 2012 ke da lamba biyu: dubu 235 a cikin gari, amma kusan dubu 323 a birnin da gundumominsa. Tsakanin lambobin nan akwai mutum wajen dubu 87 da takarda ta kira 'yan birni alhali zamansu na ƙauye ne. Kana cikinsu, ko kuma kana cikin waɗanda gari ya riska daga baya.

Ja iyaka aikin yini ɗaya ne, da alƙalami. Ba ya kawo bututu, ba ya shimfiɗa hanya, ba ya gina bariki. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, masu riƙe da waɗannan abubuwa daban-daban ne. 'Yan kwana-kwana a Nijar sojoji ne, rundunar ƙasa ce da ke aiki ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ba ma'aikatan magajin gari ba ne. Yawansu da motocinsu daga Yamai ake yanke su. Ruwa na hannun kamfanonin ruwa na ƙasa, SPEN mai shimfiɗa kayan aiki da NDE mai rarrabawa, wanda ya karɓi aikin tsohon kamfanin SEEN a farkon 2024. Lantarki na NIGELEC ne. Rabon filaye da harajin gari kuwa na hukumar birni ne. Mai yanka fili yana samun kuɗi a ranar da ya yanka, nauyin kare waɗanda za su zauna a filin kuma ya faɗa kan wasu da ba a tambaye su ba. Ba sai an samu mugu a ciki ba kafin abin ya lalace. Kowa na iya yin aikinsa daidai a ofishinsa, a wayi gari unguwa mai gida dubu ba ta da famfon gobara ko ɗaya. Wannan ba ciwon Zinder kaɗai ba ne, duk garin da ya haɗiye ƙauyukan kewayensa ya ɗanɗana, har a ƙasashe masu kuɗi. Bambancin shi ne a wasu wurare doka kan tilasta wa birni ya nuna yadda zai kai aikin ceto kafin a yarda masa ya faɗaɗa.

Ƙauyen da ya shiga birni kuma yana shigowa da nasa irin kiran. A cikin gari aikinmu gobarar ɗaki ce, shago, haɗarin mota. A bakin gari ga rumbu, ga karan dawa da harawa da aka tara kan rumfa, ga dangar zana da ke miƙa wuta daga gida zuwa gida in iskar hunturu ta taso. Ga yaron da ya faɗa rijiya, ga wanda ya nutse a kududdufin da aka haƙa ƙasar gini. Kowanne da kayan aikinsa: igiya da na'urar numfashi don rijiya, mota mai iya shiga rairayi don daji. Mafi haɗari shi ne wurin da zaman biyu suka cakuɗe, inda tukunyar gas ke ajiye kusa da zana, mai sayar da fetur a kwalba yana zaune jikin dangar kara. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011 a hanyar Tanut, gas ya shiga gidaje da yawa, abu ne mai kyau don ya rage saran itace, amma ya canza irin wutar da muke tararwa. Tankokin mai kuma sun yawaita a manyan hanyoyin da a da suke wajen gari, yanzu gidaje sun sa su tsakiya. Wanda ya tuna tankar da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019, ta kashe sama da mutum 50, yawancinsu masu kwasar mai, ya san abin da nake tsoro.

Makaranta ma haka. Yara na ƙaruwa fiye da yadda ake gina aji, sai a kafa na zana. A Afrilun 2021 wuta ta kashe yara 20 a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar kuma sama da 20 suka rasu a Maraɗi, har gwamnati ta hana ajin zana ga ƙananan yara. Babu motar da za ta riski ajin zana. Kafin a gama danna lamba ya zama toka. Irin wannan ba da gudu ake maganinsa ba, da tazara tsakanin aji da aji ake yi, da ƙofa biyu, da hana hura wuta a kusa.

Ban manta da damina ba. Aikin ceto da yawa a shekarun nan na ruwa ne. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, a nan kuma tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Tapkunan da ke kewaye da gari su ne ke shanye ruwan sama tun kaka da kakanni. Da fili ya yi tsada aka cike bakinsu aka yi gini, ruwa kuwa bai san an sayar da hanyarsa ba. Motar ɗaukar marasa lafiya da za ta kai mai naƙuda babban asibitin Zinder ita ma wannan hanyar za ta bi, in ta yanke sai amalanke.

To sakaci ne? In kana nufin mutanen da suka zo cikin motar, a'a, bisa abin da ka faɗa ban ga laifinsu ba. In akwai sakaci, ya faru shekaru kafin gobarar, ranar da aka yanka filayen unguwarku. Shi ya sa nake yawan saɓa wa masu cewa maganin abin shi ne a sayo sabbin motoci. Mota na da amfani, kyautarta kuma na yin kyau a hoto, amma mota goma a bariki ɗaya duk minti 14 ɗin nan za su yi kafin su iso gare ka. Ƙaramin reshe a gefen gari, mota ɗaya da motar marasa lafiya ɗaya da mutanen da za su yi karɓa-karɓa dare da rana, ya fi su amfani nesa ba kusa ba. Tsadarsa ba a gini take ba, a mutane take: kujera ɗaya da ake so a samu mutum a kanta awa 24 kullum tana cin ma'aikaci huɗu zuwa biyar, in ka lissafa hutu da ciwo da horo. Amma kafin a kai ga wannan duka sai akwai filin da za a gina shi, kuma fili shi ne abin da ke fara ɓacewa.

Ribar zama cikin birni ita ce yanzu kuna da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, da hujjar ƙwanƙwasa ta. Ku tafi ta hannun mai unguwa ko mai gari, a rubuce, zuwa ofishin gundumarku, ku nemi ganin taswirar rabon filayen unguwar. Kowane rabo na hukuma yana ware filaye don amfanin jama'a. Ku gano inda naku suke, ku sa ido, don irinsu ne ake wayar gari an yanka an sayar. Ku nemi a rubuta ɗaya da sunan aikin ceto ko da ba za a gina shi bana ba. In ana jawo muku ruwa, ku tambayi kaurin babban bututun, ku nemi a dasa famfon gobara tun ana haƙa, domin bayan an rufe rami ba mai dawowa. In ruwan bai kai ba, tanki na ƙasa ko na sama da unguwa za ta gina kusa da masallaci ko makaranta, mai bakin da mesar mota za ta iya kamawa, yana iya raba ku da wancan rabin awa na komawa gari. Kafin ku sayi ko bulo ɗaya ku je bariki su faɗa muku irin bakin da ya dace da kayansu. Na ga tankin da aka kashe wa kuɗi mai yawa, ranar buƙata aka tarar bakinsa bai shiga ba.

Sauran kuma a hannunku yake, ba ya buƙatar sa hannun kowa. Layi ɗaya aƙalla daga kwalta zuwa tsakiyar unguwa ya zauna a buɗe, ba yashi, ba rami, ba rumfar mai shayi a kwana, kuma dattawa su tsaya a kan haka ko da mai katangar ɗan'uwansu ne. Ku gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su zaga unguwar da rana tsaka ba tare da gobara ba, su san hanya, ku amince da alama biyu ko uku da za a riƙa kwatance da su. In wuta ta tashi, mutum ɗaya ya kira 18 nan take yayin da sauran ke ɗibar ruwa, ba bayan sun gaji ba. In an kashe kafin su iso ba wanda zai ci ku tara. Wani ya hau babur ya jira su a bakin kwalta ya shigo da su. Wani ya sauke makunnin lantarki, a fitar da tukunyar gas in wuta ba ta kai gare ta ba, in ta kai a bar ta a janye mutane nesa. Wutar mai ko ta fetur ba a zuba mata ruwa, rairayi ake yi mata ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo, rairayi kuwa ba ku rasa shi ba. Ku kuma ja kunnen yara kan kiran 18 don wasa, domin layin da suka riƙe shi ne wani ke nema a daidai lokacin.

Harawa da karan da maƙwabcinka zai sake tarawa bayan girbi, ka ce masa ya ajiye su a kusurwar da ke nesa da madafa da ɗakin kwana, ta gefen da iskar hunturu ke fita daga gidan, ba ta inda take shigowa ba.